Muhammadu Rumfa: Sarkin da ya kafa majalisa da kasuwa a birnin Kano

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Kurmi da safe, ya gangara ta gaban Gidan Makama har ya iso ƙofar fada, to ya bi ta cikin ayyukan mutum guda ne, ko da kuwa bai sani ba. Mutumin shi ne Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu, sarki na 20 a jerin sarakunan da littafin Tarihin Kano ya lissafa, wanda ya yi mulki daga shekarar 1463 zuwa 1499.

Rumfa ya gaji mahaifinsa Sarki Yakubu a daidai lokacin da Kano ke bunƙasa. Fatake na zuwa daga Barno da Gwanja da ƙasashen Larabawa, ɗauke da gishiri da goro da tufafi da littattafai. Musulunci ya riga ya shiga fada tun zamanin Sarki Yaji, sa'ad da Wangarawa suka zo daga Mali, amma bautar iskoki tana nan da ƙarfinta a cikin gari. Birni ya cika da baƙi masu harsuna da al'adu daban-daban, kuma kowa na buƙatar sanin wanda zai raba masa gardama idan ciniki ya rikice. Wannan ce matsalar da sabon sarki ya tarar.

Tarihin Kano ya jingina masa sababbin abubuwa 12. Ya bar tsohon mazaunin sarakuna ya gina sabuwar fada, wadda har gobe ake kira Gidan Rumfa. Ya faɗaɗa ganuwa domin ta rungumi sababbin unguwanni. Ya kafa Kasuwar Kurmi, ya tara masu saye da sayarwa a wuri ɗaya inda hukuma za ta iya ba su kariya, ta sa ido kan mudu da awo, ta kuma karɓi haraji. Shi ya fara fita sallar Idi a fili tare da jama'a, kuma a zamaninsa aka fara busa kakaki da amfani da figini da takalman gashin jimina, alamomin da ke bambanta sarki da sauran mutane.

Mafi tasiri cikin waɗannan ayyuka ita ce Tara ta Kano, majalisar manyan masu sarauta tara irin su Galadima da Madaki da Wambai da Makama. Su ke bai wa sarki shawara a kan yaƙi da sulhu da sha'anin ƙasa, kuma bakinsu na da nauyi wajen naɗa magaji. Kafa wannan majalisa ya nuna cewa mulki aiki ne da ake raba shi a tsakanin ofisoshi, kowanne da iyakarsa, kuma ofis yana nan ko bayan mai riƙe da shi ya kau. Haka nan Rumfa ya damƙa wasu manyan muƙamai, ciki har da na Ma'aji, a hannun babanni da bayin fada. Tun da ba su da 'ya'yan da za su gada, ba su kuma da dangin sarauta da za su jingina da su, biyayyarsu ga gadon sarauta take, dukiyar baitulmali kuma ba ta zama gadon wani gida ba.

A wajen shekarar 1492 wani babban malami daga Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau, Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, ya sauka a Kano. Rumfa ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya nemi ya rubuta masa yadda ya kamata sarki Musulmi ya tafiyar da jama'a. Amsar ita ce ɗan littafin nan mai babi takwas da aka sani da Tajuddin, wanda ya riga littafin Makiyabeli na ƙasar Italiya kan dabarun mulki da kimanin shekara 20.

Almagili ya fara da niyya, ya nuna cewa sarauta amana ce da za a tambayi mai riƙe da ita. Daga nan ya jero ma'aikatan da hukuma ba ta tsayuwa sai da su: wazirai, magatakarda, masu lissafi, ma'ajiya, alƙalai, masu duba kasuwa, 'yan doka da likitoci. A babin shari'a ya wajabta wa alƙali daidaita masu ƙara biyu a shiga da zama da kallo da magana, komai bambancin matsayinsu. Ya kuma bukaci sarki ya riƙa zama kullum a inda mata da yara da raunana za su iya isa gare shi, saboda wani lokaci ƙarar da talaka ya kawo a kan alƙalin take ko a kan hakimin. A babin dukiya ya bambance hanyoyin shigar kuɗi na halal, irin su zakka da harajin ƙasa, da na haram, irin su cin hanci da sayar da muƙamin alƙalanci da ƙwace kayan 'yan kasuwa da sunan haraji. Ya ja hankalin sarki da ya binciki dukiyar ma'aikaci kafin naɗi da bayansa. Abin da ya yi ta nanatawa a ƙarshen babobin shi ne cewa ɓuyar shugaba daga talakawansa ita ce uwar kowace ɓarna.

Tarihi ya nuna cewa a wannan zamani aka sare bishiyar tsafi ta cikin gari aka gina masallaci a gurbinta. Almagili ya wuce zuwa Gawo wurin Askiya Muhammadu, ya bar ɗansa Sidi Fari a Kano, wanda zuriyarsa ke zaune a unguwar Sharifai.

Sai dai tarihin da ya yabi Rumfa bai rufe aibinsa ba. Ya ambaci cewa shi ya fara kame, ya sa ana ɗebo 'yan mata daga garuruwan bayi zuwa fada, har aka ce matan gidansa sun kai dubu. Shi ya fara kulle. Ya kuma shafe shekara 11 yana yaƙi da Katsina ba tare da wani ɓangare ya yi galaba ba, talakawan ƙasashen biyu kuwa su suka ɗauki nauyin wannan gaba. Tsakanin abin da malamin ya rubuta da abin da fada ta aikata akwai tazara, kuma wannan tazara ce masu jihadi suka kafa hujja da ita a kan sarakunan Hausa bayan shekara 300. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi sun dogara ƙwarai da rubuce-rubucen Almagili wajen bayyana yadda hukuma ta gari take.

Rumfa ya rasu a 1499, ɗansa Abdullahi, wanda Madaki Auwa ta haifa, ya gaje shi. Daular Haɓe ta faɗi a farkon ƙarni na 19, amma Sarki Ibrahim Dabo da ya hau a 1819 ya ci gaba da aiki da sarautun da ya tarar. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, su ma a kan wannan tsari suka ɗora mulkinsu na En'e. Har yau sarki a Gidan Rumfa yake zama, Madaki da Makama na cikin masu zaɓensa, Kurmi na ci, kuma ɗalibai na shiga kwalejin da ke ɗauke da sunansa.

Tambayoyin da Rumfa ya miƙa wa Almagili su ne ɗan kasuwar Kwari da ma'aikacin sakatariyar Audu Bako ke yi a yau: wane haraji ne halal, wa ke binciken mai riƙe da baitulmali, kuma ina talaka zai kai kuka idan wanda ya zalunce shi shi ne mai hukunci? Kano ta sami amsoshinsu a rubuce fiye da shekara 500 da suka wuce. Abin da ya rage ga kowane zamani shi ne aiki da su.