HANNS VISCHER, WANDA KANAWA SUKA RAƊA WA SUNA ƊAN HAUSA (1876-1945)

Mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba su da nisa da wani tsohon gidan ƙasa da ke Nasarawa, wanda ake kira Gidan Ɗan Hausa. Da yawa suna wucewa ta ƙofarsa ba su san ko wane ne mai sunan ba, alhali kuwa duk yaron da ya taɓa riƙe alli ya rubuta jimlarsa ta fari da Hausar boko, yana da rabo cikin aikin da aka fara a wannan unguwa.

An haifi Hanns Vischer a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a shekara ta 1876. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij ta Ingila, sa'an nan ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S., wato ta Anglikan. Shi ba ɗan Katolika ba ne. Ya iso Nijeriya a 1901 a matsayin ɗan mishan, amma bai daɗe a wannan aiki ba. A 1903 ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya kama aikin gwamnati, aka tura shi Barno. A 1906 ya ƙetare hamadar Sahara daga Tarabulus zuwa tafkin Cadi ta hanyar Murzuk da Bilma, tare da ayarin alhazai masu komowa gida da bayin da aka 'yanta. Labarin wannan tafiya ya fito a littafi a 1910. Saboda yadda Hausa ta zauna a bakinsa ne aka yi masa laƙabi da Ɗan Hausa.

A 1908, zamanin Gwamna Girouard, aka ɗora masa nauyin shirya ilimin zamani a Arewa. Kafin ya aza tubali ko ɗaya, sai da ya je Masar da Sudan ya duba makarantunsu. Ya kuma san cewa Kano ba garin jahilai ba ce: makarantun allo sun cika ta, malamai suna rubutu da Larabci da ajami tun ƙarnuka da suka shige. A 1909, lokacin Sarkin Kano Abbas, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, bayan ganuwa.

Abin lura shi ne bai fara da yara ba. Da malamai ya fara, manyan mutane masu gemu, waɗanda suka riga suka iya ajami, ya koya musu rubuta Hausa da baƙaƙen Romawa, domin su ne za su zauna gaban yara gobe. Daga baya aka ƙara ajin 'ya'yan sarakuna, da na firamare, da wurin koyon sana'ar hannu. Da Hausa ake koyarwa, ba da Turanci ba.

A nan ne hikimarsa take, kuma duk malamin aji ɗaya zai shaida. Yaron da aka ce ya rubuta magana cikin harshen da bai ji, kaya biyu aka ɗora masa a kai ɗaya: neman kalma da neman harafi. Wanda kuwa aka bari da harshen uwarsa, jimlar tana bakinsa tun daga gida, hannu kaɗai ya rage a koya wa. Ya san baƙi da wasali, ya haɗa su su zama gaɓa, gaɓa ta zama kalma, kafin a jima ya rubuta cewa akuya ta ci dawa, ya karanta abinsa ya yi dariya, domin ya san akuya, ya san dawa.

Amma hakan ba ya yiwuwa in kowane malami yana rubuta kalma yadda ya ga dama. Kafin wannan lokaci Turawan mishan da na gwamnati kowa da irin rubutunsa. Don haka a 1912 Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa, ɗan ƙaramin littafi wanda ya zama ma'auni ga makarantu da ofisoshi. An yi ta gyara su daga baya, kuma baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai cikin shekarun 1930 suka shigo. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 da boko aka buga shi, haka kuma littattafan katikisma da na addu'a da muke riƙewa.

Ba a rasa abin faɗi game da aikinsa ba. Mutanen gari sun yi ɗari-ɗari da makarantar, kalmar boko ma ita kanta tana nufin abin da ba na gaske ba. Ƙofar makarantar ba ta buɗu sosai ga ɗan talaka ba, 'ya mace kuwa ba a yi zancenta ba. Rashin Turanci ya sa 'yan Arewa suka daɗe a baya wajen aikin ofis, kuma gwamnatin da ya yi wa aiki ita ce ta taƙaita makarantun mishan a ƙasashen sarakuna. Duk da haka malaman da suka fito daga Nasarawa su ne suka je suka riƙe makarantun larduna, irin na Sakkwato da Katsina.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da Kano. Daga 1923 zuwa 1939 ya zama sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Ingila shawara kan ilimi a ƙasashen da take mulka, kuma a 1926 yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan, inda ya ci gaba da kare koyar da ƙananan yara da harshensu. An ba shi lambar girma ta Sir a 1941. Ya rasu a Ingila cikin watan Fabrairu na 1945. Gidan da ya zauna da matarsa Isabelle a Nasarawa ya zama gidan adana kayan tarihi na Jihar Kano.