Taƙaitaccen Tarihin Babe Ruth (1895-1948)

An haifi George Herman Ruth, wanda aka fi sani da Babe Ruth, a birnin Baltimore na Amurka ranar 6 ga Fabrairu, 1895. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi makarantar gyaran tarbiyya, inda ya koyi wasan besbol, wato ƙwallon da ake jefawa a buge da sanda.

A 1914 ya shiga ƙungiyar Boston Red Sox a matsayin mai jifa. Aikin jifa na gajiyar da hannu, don haka mai jifa kan huta 'yan kwanaki bayan kowane wasa. Ganin ƙarfin bugunsa, sai aka sauya masa gurbi domin ya riƙa wasa kullum. Wannan sauyi ne ya ɗaga darajarsa. A ƙarshen 1919 aka sayar da shi ga New York Yankees a kan dala 100,000. A 1927 ya yi bugun da ke tsallake shingen fili har sau 60, kuma a 1930 albashinsa ya kai dala 80,000, fiye da na shugaban ƙasarsu.

Da tsufa ya fara kama shi, ga kuma karayar tattalin arziki, sai aka yi ta zaftare albashin har ya koma dala 35,000 a 1934. Ya ajiye wasa a 1935, ya mutu ranar 16 ga Agusta, 1948, sakamakon ciwon daji.