Sunday Bada: Gwarzon Tseren Da Zinarensa Ya Iso Bayan Rasuwarsa

An haifi Sunday Bada a ranar 22 ga Yuni, 1969, ya kuma yi aikin ɗan sanda, amma a fagen tseren mita 400 duniya ta san shi. Tsere ne mai cin rai: ya yi tsawo ga mai gudun gaggawa, ya kuma yi gajarta ga mai son tattalin numfashi.

Bada ya fi haskakawa a gasar duniya ta cikin rufaffen fili, inda zagaye ɗaya mita 200 ne kacal, kwanoninsa kuma matsattsu. A Toronto a 1993 ya zo na biyu. A Basalona a 1995 ya sake zuwa na biyu. Sai a Paris a 1997 haƙarsa ta cim ma ruwa, inda ya kammala cikin daƙiƙa 45.51, ya bar Jamie Baulch na Birtaniya a baya, ya zama zakaran duniya.

Babban labarinsa kuwa yana cikin tseren miƙa sanda. A gasar Olamfik ta Sidni a 2000, Najeriya ta fito da Clement Chukwu, Jude Monye, Bada da Enefiok Udo-Obong. Bada, wanda ya haura shekara 30 a lokacin, shi ne ya yi zagaye na uku, ya miƙa sandar ga matashi Udo-Obong, wanda ya tsere wa ɗan Jamaika a daidai ƙarshen layi. Sun kammala cikin minti 2 da daƙiƙa 58.68, aka rataya musu azurfa, Amurka ta tafi da zinare.

Shekara takwas bayan haka, Antonio Pettigrew na tawagar Amurka ya amsa a gaban kotu cewa ya yi amfani da haramtattun magungunan ƙara kuzari. A 2008 Kwamitin Olamfik na Duniya ya ƙwace lambar daga hannun Amurkawa. Tun daga nan ba a cikin shakka kan waɗanda suka cancanta, amma aka ɗauki wasu shekara huɗu kafin a yanke hukunci, jinkirin da ke da wuyar kārewa.

A tsakanin nan Bada ya riga ya rataye takalminsa, yana riƙe da muƙamin daraktan fasaha na Hukumar Wasannin Guje-guje da Tsalle-tsalle ta Najeriya. Ya rasu kwatsam a Legas a ranar 12 ga Disamba, 2011, yana da shekara 42. A watan Yulin 2012, wata bakwai bayan rasuwarsa, kwamitin ya tabbatar da Najeriya a matsayin zakarar tseren, aka matsar da Jamaika zuwa azurfa, Bahamas kuma zuwa tagulla.