Matthew Maury, Mai Taswirar Igiyoyin Teku (1806-1873)

A jami'a an saba auna malami da yawan maƙalun da ya wallafa, da kuma yawan waɗanda suka kafa hujja da su. To, akwai masanin da aka auna aikinsa da ƙidayar kwanaki. Wannan kuwa shi ne Matthew Fontaine Maury, mutumin Amurka, wanda ya ƙarar da shekaru masu yawa wajen nazarin igiyoyin teku, wato irin kogunan nan da suke gudu a cikin teku, kowanne da hanyarsa.

Shi dai Maury an haife shi ne a jihar Bajiniya ran 14 ga Janairu, 1806, ya tashi a Tenesi. Ya shiga aikin sojan ruwa a 1825, har ya zagaya duniya a jirgi. Cikin 1839 keken dokin da yake ciki ya kife, ya karye a ƙafa, karayar da ta raba shi da zirga-zirgar teku. Saboda haka a 1842 aka ba shi riƙon ma'ajiyar taswirori da kayan awo a Washinton.

A nan ne ya tarar da tarin tsofaffin kundayen jirage, waɗanda direbobi suke rubuta halin iska da ruwa a cikinsu kullum. Ba wanda ya kula da su. Shi da mataimakansa suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suka tsamo inda iska ta kaɗa da inda ruwa ya ja, wata-wata. A 1847 ya fitar da taswirarsa ta farko ta arewacin tekun Atlantika. Dabarar da ya yi kuwa ita ce, yakan ba direban jirgi taswira kyauta, amma da sharaɗin in ya komo ya kawo nasa kundin.

Nan da nan amfanin ya fito fili. A zamanin jiragen filafilai, tafiya daga Amurka zuwa Riyo ta ƙasar Birazil takan ci wajen kwana 55. Cikin 1848 wani jirgi ya tashi daga Baltimo, ya bi hanyar Maury, ya isa cikin kwana 38. Kwana 17 na abinci da albashin ma'aikata ba abin wasa ba ne ga ɗan kasuwa. Wannan ya sa a 1853 ƙasashe 10 suka taru a Burusal, bisa kiransa, suka amince da tsari guda na rubuta iska da zafin ruwa a jiragensu.

Sai dai fa littafinsa na 1855 a kan yanayin teku, ko da yake ya yi kasuwa ƙwarai, bai jure wa zamani ba. Ya ɗauka bambancin gishiri da zafi ne babban abin da yake tura igiyar nan mai ɗumi da take bin gaɓar Amurka zuwa Turai, ya rage wa iska matsayi. Binciken Ekman na 1905 da na Stommel na 1948 sun nuna iska da juyawar duniya su ne ke ɗauke da babban kaso. Ke nan ya san inda ruwa yake bi, bai dace da sanin dalili ba.

Akwai kuma tabon da ya fi wannan girma. Maury mai goyon bayan bauta ne, har ya ba da shawarar a kwashe bayin Amurka a kai su dajin Amazon na Birazil, ƙasar da bayi Hausawa suka ƙulla tawaye a Bahiya tun 1807. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861 ya bi ɓangaren Kudu masu riƙe da bayi, ya ƙera musu nakiyoyin ruwa. Bayan zama a Ingila da Meziko ya komo gida a 1868, ya koyar a Lekzinton, inda ya mutu ran 1 ga Fabrairu, 1873. Mutum-mutuminsa da aka kafa a Ricimon a 1929 an tumɓuke shi a 2020.

Abin da ya wanzu shi ne tsarin nan na Burusal, kuma ya iso har ƙasar Zazzau ta hanyar da shi kansa bai zata ba. Ruwan da manomin Bomo, maƙwabcin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, yake jira kafin ya shuka dawa, iska ce take ɗauko shi daga tekun Atlantika. Bayan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, masana suka shiga neman dalili. A 1986 Folland da Palmer da Parker, na hukumar yanayi ta Ingila, suka gwama ruwan saman Sahel na 1901 zuwa 1985 da zafin ruwan teku, suka ga shekarun fari suna zuwa ne sa'ad da tekunan kudu suka ɗara na arewa ɗumi fiye da yadda aka saba. Alƙaluman zafin da suka yi aiki da su daga kundayen jirage aka tattaro su, irin waɗanda aka tsara a taron 1853.