Joseph Eckhel, Mai Rarrabe Dinarin Gaske da na Ƙarya

Duk mai karanta Littafi Mai Tsarki ya saba da dinari, kuɗin azurfa na Romawa. Shi ne ladan yini guda a misalin ma'aikatan gonar inabi, shi aka kuma nuna wa Yesu sa'ad da aka tambaye shi zancen haraji. Wanda ya aza harsashin ilimin tantance irin waɗannan kuɗaɗe shi ne Joseph Hilarius Eckhel.

An haife shi a Enzesfeld, ƙasar Ostiriya, ran 13 ga Janairu, 1737. Tun yana saurayi ya shiga ƙungiyar Jesuit ta ikilisiyar Katolika, ya zama fada, ya koyar a makaranta. A 1772 ya tafi Italiya nazarin tsoffin kuɗaɗe. Bayan an rushe ƙungiyarsu a 1773, Sarauniya Maria Theresa ta damƙa masa taskar tsoffin kuɗaɗe ta fadar Viyana, ya kuma zama farfesa a jami'ar birnin.

A zamaninsa ƙarya ta cuɗanya da gaskiya a wannan fage. Masana sun daɗe suna dogara ga littattafan Hubert Goltzius na ƙarni na 16, alhali wasu kuɗaɗen da ya zana ba wanda ya taɓa ganinsu. Eckhel ya ƙi karɓar waɗannan zane-zane. A wurinsa kuɗin da ake iya riƙewa a hannu, a duba, shi ne shaida.

Ya jera kuɗaɗen sarakunan Roma bi da bi bisa ga shekaru, gama rubutun da ke kewaye da hoton Kaisar yakan faɗi muƙaman da ya riƙe. Alal misali, Trajan ya riƙe muƙamin konsul karo na biyar a shekara ta 103, na shida a 112. Saboda haka dinarinsa mai ɗauke da COS V an buga shi ne tsakanin 103 da 111.

Babban aikinsa, Doctrina Numorum Veterum, ya fito kundi takwas daga 1792 zuwa 1798. A shekarar da na ƙarshe ya fito ya rasu a Viyana, ran 16 ga Mayu. Masu tara dinari har yau suna bin tafarkinsa: a karanta abin da ke jikin kuɗin kafin a gaskata labarin da ake bayarwa a kansa.