Bawan da Aka Musanya da Doki

 Kadan kai mutumin Hunkuyi ne, ko Kudan, ko Maƙarfi, ka san rake. Ka sani sau da yawa karan da ya fi sheƙi a ido, in an fere shi sai a iske shi lami, ko kuwa tsutsa ta cinye cikinsa. Wani kuma ga shi baƙi, gajere, mai yawan gaɓa, amma shi masu mazarƙwaila suke nema. Manomi ba ya yanke wa kara shari'a sai ya ɗanɗana. Amma mutum, wanda Allah ya yi cikin kamaninsa, mukan yanke masa shari'a tun yana nesa: da ganin rigarsa, da tsagen fuskarsa, da jin harshensa, da tambayar ɗan wane ne. Saboda wannan ciwo na rubuto maka labarin wani mutum da aka raina sau da yawa, shi kuwa ya koyi kada ya raina kowa. Sunansa Sama'ila Ajayi Crowther.

Yaron Oshogun

An haife shi wajen shekara ta 1809 a garin Oshogun, cikin ƙasar Yarabawa. A 1821 mahara suka faɗa wa garin da safe, suka sa masa wuta, suka kama yaron da uwarsa da ƙannensa mata, suka ɗaura musu igiya a wuya. Ba a daɗe ba aka raba shi da uwarsa. Wanda ya mallake shi ya musanya shi da doki. Da dokin bai gamshi mai shi ba, sai aka mayar da cinikin, aka komo da yaron. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har aka ba da shi a bakin taba da barasa, ya faɗa hannun Turawan Fotugal masu fataucin bayi a Ikko.

Tsaya nan ka duba. Dukan waɗanda suka taya shi sun dube shi da kyau. Sun dubi haƙoransa da damatsansa, sun san abin da zai kawo a kasuwa. Babu ko ɗaya da ya ga mutumin da zai juya Maganar Allah cikin harshensu. Ido yakan iya ƙidaya haƙori, amma ba ya iya ganin nufin Allah a kan mutum.

Sa'ad da idonsa ya ruɗe shi

A watan Afrilu na 1822 aka sa shi cikin jirgin bayi. Jirgin bai yi nisa ba sai jiragen yaƙin Ingila, waɗanda aka sa su tsare teku domin hana cinikin bayi, suka tare shi. Aka ɗauki Ajayi zuwa wani jirgi mai suna Myrmidon, wanda Kyaftin Henry Leeke yake shugabanta. Nan yaron ya ga baƙin fuskoki da dogayen takuba, ya ga nama a rataye, ya ga waɗansu abubuwa masu kama da kawuna a jere. Shi da 'yan'uwansa suka tabbata a ransu cewa an yanka abokansu ne, su ma haka za a yi da su. Sai daga baya suka ga kofato, suka gane naman alade ne, kawunan nan kuma harsasan igwa ne. Ashe mutanen da ya ɗauka masu cin mutum ne, su ne suka kwance masa sarƙa.

Shi da kansa ya rubuta wannan labari bayan ya girma, bai ɓoye kuskurensa ba. Ka koyi abu ɗaya daga nan: ba azzalumi kaɗai ne yake shari'a da ido ba. Wanda aka zalunta ma yakan yi, gama tsoro yakan sa mutum ya ga maƙiyi a inda mai ceto yake.

Aka sauke shi a Saliyo, ƙasar da ake zaunar da 'yantattun bayi. Cikin wajen wata 6 ya iya karanta Sabon Alkawari. Ran 11 ga Disamba, 1825, aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Sama'ila Crowther. Da aka buɗe makarantar Fourah Bay a 1827, sunansa ne na fari cikin littafin almajirai. Ya auri wata mace wadda ita ma daga jirgin bayi aka kuɓutar da ita, suka zauna tare fiye da shekara 50.

A bakin Kwara

A 1841 ya hau Kogin Kwara tare da James Schön, wani mai bishara Bajamushe wanda ya ba da ransa ga koyon Hausa, har ya rubuta nahawunta da ƙamus. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa cikin tafiyar nan, sai jama'ar mishan ta C.M.S. ta gane cewa 'ya'yan ƙasa ne za su iya kai bishara ga 'yan'uwansu. Aka naɗa Crowther limamin ikilisiya a Landan a 1843. A 1846 ya sauka Abekuta, can kuwa Allah ya gama shi da uwarsa bayan rabuwar shekara 25. Daga baya ta ba da gaskiya, aka yi mata baftisma da sunan Hannatu.

A 1851 aka kai shi fadar Sarauniya Biktoriya domin ya ba da labarin cinikin bayi. Yana cikin nuna wa mijinta garuruwa a kan taswira, sai wata mace ta shigo, ba kambi, ba zagage, ta tsaya tana saurare, tana yi masa tambaya. Bai san ko wace ce ba sai da ya ji an kira ta da sunan sarauta. Sau biyu ke nan ido ya ruɗe shi: da fari ya ɗauki masu ceto masu kisa ne, yanzu kuma sarauniya ta tsaya kusa da shi bai gane ta ba. Amma bai ji kunya ba, gama ya riga ya yi mata magana da ladabi. Wanda ya saba girmama kowa ba shi da fargaba ran da ya gamu da babba cikin ƙananan tufafi.

Yadda ya zauna da Musulmi

Ga abin da ya fi taɓa mu mutanen Arewa. Cikin maharan da suka ƙone garinsu akwai Filani da Yarabawa Musulmi. Da wani ne, da ya ƙulle wannan a zuciya har kabari, ya ce dukansu ɗaya ne. Crowther bai ɗora laifin mahara a kan al'umma duka ba. A 1857 jirginsa ya fashe a kan duwatsu kusa da Jaba, ya zauna watanni a ƙasar Nufe, ya mai da hankali ga koyon Nufanci, har ya rubuta nahawunsa. Ya yi abuta da Masaba, Sarkin Bida, yakan kai masa gaisuwa, yakan kai wa sarakuna da malamai Littafi Mai Tsarki na Larabci kyauta. A 1872, a fadar Sarkin Ilori, aka yi masa tambayoyi a kan Isa Almasihu a gaban taro. Bai yi zagi ba, bai yi gardamar fushi ba. Ya buɗe Littafi ya amsa daga ciki, bai rage gaskiyar da ya gaskata ba, aka kuwa rabu da mutunci. Haka ya gargaɗi ma'aikatansa su yi.

Rainin da ya fito daga cikin gida

Yanzu sai in faɗa maka abin da ke da nauyin faɗa, amma gaskiya ce. Rainin da ya fi yi masa ciwo ba daga masu cinikin bayi ya fito ba, daga 'yan'uwa cikin Almasihu ya fito. Sa'ad da Henry Venn, magatakardan C.M.S., ya nemi a naɗa shi bishop, waɗansu Turawan mishan, da Henry Townsend a gabansu, suka ƙi, suna ganin bai kamata baƙin mutum ya shugabanci fari ba. Duk da haka, ran 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa shi a babbar majami'ar Kantabari, ya zama baƙin mutum na fari da ya hau wannan matsayi cikin ikilisiyar Angilikan. Cikin taron akwai Henry Leeke, wanda ya ɗauke shi daga jirgin bayi shekara 42 da suka wuce. Amma Turawan mishan na Ikko da Abekuta ba a sa su ƙarƙashinsa ba.

Ya yi shekara 27 yana aikin bishop a bakin Kwara, daga Lakwaja har zuwa bakin teku, ya kuma shugabanci juya Littafi Mai Tsarki cikin Yarabanci. A 1890 waɗansu samari masu himma suka zo daga Ingila, cikinsu akwai Graham Brooke da John Robinson, niyyarsu su kai bishara ƙasar Hausa. Suka sauka Lakwaja, suka sa riga da rawani irin namu, suka koyi harshenmu. Amma suka dubi ma'aikatan bishop, baƙaƙen fata, suka ga ba su isa ba. Gaskiya ne akwai masu laifi cikin ma'aikatan nan, kuma tsohon yana da sanyin hannu wajen horo. Sai dai samarin ba su tsaya rarrabe tsaki da tsakuwa ba. A taron da aka yi a Anaca cikin watan Agusta na shekaran nan, aka dakatar da limaman da shi ya naɗa, har da ɗansa Dandeson, a gaban idonsa, shi kuwa ya haura shekara 80. Bai rama da zagi ba. A shekara ta gaba ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891. Aka ba Bature kujerarsa, aka kuma yi wajen shekara 60 kafin a sāke ba baƙin mutum riƙon dayosis a ƙasar nan.

Kada ka yi saurin la'antar samarin nan, don kada ka faɗa ramin da suka faɗa. Robinson ya mutu a Lakwaja a 1891, Brooke kuma a 1892. Sun ba da ransu saboda Hausawa. Amma dubi abin tsoro: mutum ya iya sa rigar ɗan'uwansa, ya iya harshensa, har ya mutu dominsa, duk da haka yana raina shi a zuci. A 2014 Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya tsaya cikin majami'ar da aka naɗa Crowther, ya furta tuba a madadin ikilisiya saboda abin da aka yi masa. Tuba ce mai kyau, amma ta zo bayan shekara 123.

Abin da ya shafe ka

Aikin mishan ɗin nan ne ya iso Zariya ta hannun Likita Miller. Bayan 1913, sa'ad da 'ya'yan Isawa suka taru suka kafa zama na Kirista a Gimi, nan ƙasar Maƙarfi, wanda ya yi kiwonsu shi ne W. A. Thompson, baƙin mutum daga tsibiran Yammacin Indiya, inda aka kai kakannin mutane da yawa cikin sarƙa. Ka ga bishara ta iso ƙofarmu da hannun fari da hannun baƙi, da hannun ɗa da hannun jikan bawa. Da wane baki za mu raina wani?

Ka tuna da Annabi Sama'ila. Sa'ad da ya je gidan Yesse a Baitalami, tsawon Eliyab da kyansa suka ɗauke masa hankali, amma Ubangiji ya tsauta masa, ya nuna masa cewa zuciya yake dubawa, ya zaɓi Dauda, autan da aka bari wajen tumaki. Natanayilu ya raina Yesu saboda sunan garinsu, Nazarat, sai da ya zo ya gani. Yaƙub kuma, cikin sura ta 2 ta wasiƙarsa, ya kira shi zunubi a ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, a bar matalauci a tsaye.

Ni mai rubuta maka na yi wannan zunubi. Ina sabon katikis, wani tsoho Bamaguje ya shigo sujada da walki, ƙafafunsa duk ƙura. Na nuna masa bakin ƙofa, na kai wani mai babbar riga gaba. Da damina ta yi tsakiya ɗana ya kwanta ciwo da dare, hanya ta yanke. Tsohon nan ne ya goya shi, ya ratsa rafi da shi har wurin magani. Raina kama ka ga gayya.

Saboda haka ina roƙonka abu uku. Na fari, kada ka kira kowa da sunan raini, ko arne, ko bacucane, ko ɗan mahauta, ko kuturu. Yana da sunan da uwarsa ta san shi da shi. Na biyu, kada ka ɗora laifin mutum ɗaya a kan kabilarsa ko addininsa. Kadan danginka sun juya maka baya saboda ka bi Almasihu, ko wani ya cuce ka, kada ka ce dukan Musulmi haka suke. Ka gai da maƙwabcinka, ka je masa ta'aziyya, ka amsa tambayarsa da tawali'u. Na uku, kadan kai ne ake rainawa, kada ka yarda kasuwa ta faɗa maka tamaninka. An taya Ajayi da doki da taba, amma an riga an biya fansarsa da jinin Ɗan Allah, kai ma haka.

Ran Lahadi mai zuwa, in ka shiga majami'a, ka nemi mutumin da ka saba kauce wa, ka zauna kusa da shi, ka tambayi sunansa da lafiyar gidansa. Kafin nan kuwa ka durƙusa ka roƙi Ubangiji ya gafarta maka shari'ar da ka yi da ido, ya ba ka zuciya mai ganin mutane yadda shi yake ganinsu. Allah ya taimake mu duka. Amin.