Albert Howard

Sir Albert Howard (8 Disamba 1873 – 20 Oktoba 1947) masanin tsirrai ne ɗan ƙasar Ingila wanda ya shafe shekaru 26 yana binciken noma a Indiya. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka aza harsashin noman oganik, wato noman da ke dogara da takin gargajiya, ba tare da takin zamani ko magungunan feshi na sinadarai ba. An fi saninsa da hanyar haɗa taki ta Indore da kuma littafinsa An Agricultural Testament na shekarar 1940.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Bishop's Castle da ke yankin Shropshire, a gidan manoma. Ya yi karatu a Royal College of Science da ke Landan, sannan ya wuce Jami'ar Cambridge inda ya karanci kimiyyar halittu da aikin gona. A shekarar 1899 aka tura shi tsibirin Barbados, ya yi aiki kan cututtukan amfanin gona, musamman rake, har zuwa 1902. Daga 1903 zuwa 1905 ya yi aiki a kwalejin noma ta Wye a Ingila.

Aiki a Indiya

A shekarar 1905 gwamnatin mulkin mallaka ta Birtaniya ta naɗa shi babban masanin tsirrai a cibiyar bincike ta Pusa, a yankin Bihar. Shi da matarsa Gabrielle, wadda ita ma masaniyar tsirrai ce, sun samar da sababbin irin alkama kamar Pusa 4 da Pusa 12, waɗanda suka bazu a ƙasar.

An kai shi ne domin ya inganta noman Indiya da ilimin Turai, amma ya lura cewa gonakin ƙananan manoman da ke kewaye da cibiyar ba su cika fama da ƙwari da cututtuka ba, alhali ba sa feshi. Sai ya mai da hankali ga koyo daga wurinsu. Daga nan ya gina ra'ayinsa cewa lafiyar shuka da ta dabba da ta mutum duk daga lafiyar ƙasa suke farawa, kuma duk abin da aka ɗebo daga gona dole a mayar mata da ragowarsa.

Hanyar Indore

Daga 1924 zuwa 1931 ya shugabanci wata cibiyar binciken tsirrai a birnin Indore, inda ya tsara hanyar haɗa takin da ta ɗauki sunan birnin. Ana jera kara da ganye da ciyawa a cikin rami, ana haɗa su da kashin shanu, da ƙasar turke da ta sha fitsarin dabbobi, da tokar itace wadda ke rage tsami. Ana yayyafa ruwa, ana kuma juya tarin lokaci-lokaci don iska ta shiga. Cikin kimanin wata uku sai ya ruɓe ya zama baƙin taki mai laushi. Ya bayyana hanyar a littafin The Waste Products of Agriculture na 1931, wanda ya rubuta tare da Yeshwant Wad, kuma manyan gonakin shayi da kofi a Asiya da Afirka sun ɗauke ta.

Rubuce-rubuce da suka

Bayan ya koma Ingila, an ba shi sarautar Sir a 1934. Ya ci gaba da sukar dogaro da takin zamani, yana ganin cewa ciyar da shuka da sinadarai uku kawai yana talauta ƙasa a hankali. Masana da dama na zamaninsa sun ƙi yarda da shi, musamman kan iƙirarinsa cewa ƙasa mai taki na kare shuka da dabba daga cuta, domin bai tabbatar da hakan da gwaji irin wanda suke buƙata ba. Amma muhimmancin ruɓaɓɓen taki wajen riƙe ruwa da raya ƙasa ya samu karɓuwa a kimiyya.

Iyali da rasuwa

Ya auri Gabrielle Matthaei a 1905. Bayan rasuwarta a 1930, ya auri ƙanwarta Louise a 1931, wadda ta ci gaba da yaɗa aikinsa. Ya rasu a Landan a 1947 yana da shekara 73.

Tasiri da dokokin noman oganik

Littattafansa sun yi tasiri kan Lady Eve Balfour, wadda ta jagoranci kafa ƙungiyar Soil Association a 1946, da J. I. Rodale, wanda ya fara buga mujallar noman oganik a Amurka a 1942.

A zamanin Howard babu dokar da ta fayyace ma'anar oganik. Da kasuwar kayan ta bunƙasa, farashinsu ya ɗara na sauran, sai aka buƙaci hanyar kare mai saye daga algus. Soil Association ta fitar da ƙa'idojinta na farko a 1967. Amurka ta yi doka a 1990, Tarayyar Turai ta yi tata a 1991. A ƙarƙashin waɗannan dokoki, sai an duba gona an ba manomi takardar shaida kafin ya sayar da amfaninsa da wannan suna, kuma yakan jira shekara biyu zuwa uku bayan daina amfani da sinadaran da aka haramta. Masu suka na cewa dokokin sun fi mai da hankali kan jerin abubuwan da aka hana fiye da raya ƙasa da Howard ya sa a gaba, kuma kuɗin takardar kan gagari ƙananan manoma irin waɗanda ya koya daga wurinsu.

Zuwa shekarar 2022, gonakin oganik sun kai kimanin hekta miliyan 96, wato kusan kashi 2 cikin 100 na filayen noman duniya. Ostireliya ce ta fi faɗin fili, Indiya kuma ta fi yawan manoma.